Tarihin gofret: daga ƙarfen maƙeran Pari zuwa madafar gidajenmu

Yau tarihin da munka ɗauko ba na yaƙi ba ne, ba kuma na sarauta ba. Tarihin wani ɗan abu ne da kowane mai tebur yake da shi a bakin lekol, wanda yaro ke kuka a kanshi har sai an ba shi dala biyar ko dala goma ya saya. Gofret muke nufi, wannan siririn biskit mai ƙaras-ƙaras, wanda in ka matse shi kaɗan sai ya zama gari a hannunka.

Da yawa daga cikinmu muna zaton abin masana'anta ne kawai, sai inji ke iya yin shi. Alhali kuwa shekaru ɗaruruwa da hannu ake yin shi, bisa garwashi, tun babu kuran babu gaz. Kuma in mun bi sawunshi za mu tarar hanyar ta ratsa ta majami'a, ta ratsa ta wurin ɓarayin dare, ta bi ta jiragen cinikin bayi, kafin ta iso kasuwanninmu. To ku biyo mu.

Asalin abin

Kakan gofret sunanshi ubli. Kalmar ta fito daga Latin, tana nufin abin da anka miƙa hadaya. A ƙasashen Turai na zamanin da, masu hidimar majami'a suna gasa wani ɗan siririn burodi marar yisti don ibadarsu. Yadda suke yi shi ne su dama garin alkama da ruwa, su zuba kaɗan tsakanin faifan ƙarfe biyu masu zafi, su matse. Wannan ƙarfe, in kun ga hotonshi, awartakin maƙeri ne sak, sai dai bakinshi fale-fale ne kamar faifai, hannuwanshi kuma dogaye don kada wuta ta ci mai gashi.

Daga baya sai abin ya fita daga majami'a ya shiga kasuwa. Masu gashi sunka fara ƙara ƙwai, wani lokaci zuma, suna sayar wa jama'a a ƙofar majami'a ranakun bukukuwa. Maƙera kuma sunka shiga yi wa ƙarfen ado. Wani a zana mishi furanni, wani tambarin gidan mai shi, wani kuma a yi mishi ƴan ramuka kamar saƙar zuma. Daga wannan zanen na saƙar zuma ne sunan gofre ya fito, don tsohuwar kalmar da Faransanci ya aro daga harshen ƙabilar Faranka tana ɗauke da ma'anar saƙar zuma. Gofret kuwa ƙaramar gofre ke nan, siririya, busasshiya. Ke nan ƴan murabba'an nan da kuke gani a jikin gofret ɗin butik ba ado ne na jiya ba, sun yi shekaru ɗaruruwa.

Sana'a mai sarki da doka

Mu nan mun san kowace sana'a da shugabanta: Sarkin Pawa, Sarkin Maƙera, Sarkin Aska. Ba ka tashi rana ɗaya ka ce kai mahauci ne. To haka birnin Pari yake a wancan zamani. A shekarar 1270 anka rubuta wa masu gasa ubli dokokin ƙungiyarsu. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan zama gwani mai cin gashin kai shi ne mutum ya iya gasa guda 1,000 a yini ɗaya. Ku lissafa da kanku. Kowane guda sai an shafa wa ƙarfe mai, an zuba ƙullu, an matse, an juya bisa wuta, an ɓamɓare. Mai hannun sanyi ba ya cin wannan jarrabawa.

Da magariba ta yi sai yaran gwanayen su ɗauki kayan a cikin akwati su shiga unguwanni suna talla da babbar murya. Mutanen gida su kira su ciki bayan cin abincin dare. A nan ne wata ɗabi'a ta shigo: maimakon a saya kai tsaye, sai a buga caca da ƴan ƙwayoyi irin na ludo, in mai gida ya ci ya kwashe ubli, in mai talla ya ci ya kwashe kuɗɗi. A 1566, zamanin Sarki Sharl na 9, anka haɗe ƙungiyar masu ubli da ta masu yin gato sunka zama ɗaya.

Abin da ya kashe tallar dare shi ne rashin tsaro. A farkon ƙarni na 18 akwai wani ƙasurgumin ɗan fashi a Pari, sunanshi Kartush, yana da yara da yawa. Anka zargi wasu masu tallar ubli da cewa ƴan leƙen asirinshi ne, suna shiga gida da sunan talla, suna duba inda ƙofa take da inda dukiya take. An kashe Kartush a bainar jama'a a watan Nuwamba na 1721, ba da jimawa ba ƴan sanda sunka hana tallar ubli da dare. Wake ɗaya ya ɓata gari, masu gaskiya sunka rasa abincinsu tare da marasa gaskiya.

Amma sana'ar ba ta mutu ba, ta koma ta rana. Mai talla ya riƙa yawo da wani dogon gwangwani kamar ganga, a bisa murfin akwai kibiya mai juyawa kamar hannun agogo, da lambobi kewaye. Ka biya, ka juya kibiya, lambar da ta tsaya a kai ita ce yawan ubli da za ka samu. Waɗanda sunka yi lise a cikinmu sun san Jan-Jak Ruso. A littafinshi na ƙarshe, wanda ya fito a 1782 bayan rasuwarshi, ya ba da labarin wata Lahadi da yake zaune da matarshi a dajin shaƙatawa na Bulony, sai ga ƴan mata ƙanana wajen ashirin da mai kula da su, ga kuma mai ubli da gangarshi. Kaɗan ne cikinsu ke da kuɗɗi. Ruso ya biya wa kowace yarinya ta juya kibiya, ya kuma raɗa wa mai tallar ya bari rabo ya faɗa da kyau, shi zai cika mishi. Ya lissafa wannan yini cikin ranakun da ya fi jin daɗinsu a rayuwa. Duk wanda ya taɓa saya wa yaran unguwa alewa ranar Salla ya san abin da tsohon yake nufi.

Wannan ubli ɗin, tun yana da zafi ake naɗe shi kamar mazurari. Shi ne ya haifi ɗan mazurarin da ake zuba kirim mai sanyi a ciki yau.

Daga ina zaƙin ya fito

Wajen shekarar 1393 wani dattijo mai hali a Pari ya rubuta wa amaryarshi, yarinya ƙarama, littafin yadda ake riƙon gida. A ciki ya kawo hanyoyi huɗu na yin gofre. Ta farko ita ce a kaɗa ƙwai, a sa gishiri, giyar inabi da gari, a zuba kaɗan-kaɗan a ƙarfe. Akwai wadda ake sa cuku. Ya ma ce in ƙullun yana kamawa a shafa wa ƙarfen mai da ɗan tsumma, abin da kowace mai masa ke yi da tandarta har gobe. Abin lura shi ne a waccan hanya ta farko babu sukari. A lokacin sukari kayan masu kuɗɗi ne, ana aunawa kamar magani.

To yaya anka yi sukari ya yi arha har ya shiga biskit ɗin talaka? A nan ne tarihin ya taɓo mu. A ƙarni na 17 da na 18 Faransa ta buɗe manyan gonakin rake a tsibiran Karebiyan. Mafi girma a cikinsu shi ne San Domang, wato ƙasar Hayiti ta yau, wadda a ƙarshen ƙarni na 18 babu inda ya kai ta fitar da sukari. Waɗanda sunka sare raken, sunka matse shi, sunka dafa shi, ƴan Afirka ne da anka kama anka sayar. Tashar jiragen ruwa da ta fi kowace a Faransa tura jiragen wannan ciniki ita ce ta birnin Nant: tafiye-tafiye sama da 1,700 sunka tashi daga can zuwa gaɓar tekun Afirka. Jirgi ya tafi da tufafi, bindigogi da barasa, ya ɗauki mutane, ya tsallaka da su, ya komo da sukari da kafe.

A 1791 bayin San Domang sunka yi tawaye, a 1804 sunka kafa ƙasarsu. Ga kuma yaƙi da Ingila da ya toshe hanyar teku. Faransa ta shiga ƙarancin sukari. Shi ya sa Napoliyon ya matsa a nemo shi daga wani tushe mai kama da gwaza da ke fita a ƙasar sanyi, wanda suke kira betarab. Ranar 2 ga Janairu 1812 ya je da kanshi masana'antar wani mutum, Banjamen Deleser, a unguwar Pasi, ya ga sukarin da anka fitar, ya ciro lambar girma daga ƙirjinshi ya maƙala mishi. Sai a 1848 Faransa ta soke bauta kwata-kwata. Birnin Nant kuwa sai a 2012 ya buɗe wurin tunawa da waɗanda anka yi cinikinsu, a bakin kogin da jiragen ke tashi.

Zamanin masana'anta

Ba abin mamaki ba ne da Nant ɗin nan ya zama babban birnin biskit na Faransa. Sukari na sauka a tasharshi, ga alkama da man shanu a ƙauyukan kewaye, ga tsohuwar sana'ar gasa busasshen biskit na guzurin matuƙan jirgi. A 1846 wani mai yin gato, Jan-Romen Lefebir, ya zo ya buɗe shago a garin. Sunanshi da na matarshi ne anka haɗa ya zama Lefèvre-Utile, wato LU da kuke gani a jikin kwali. Ɗansu Luwi shi ya mayar da shagon masana'anta. A 1886 ya fitar da biskit ɗin Petit Beurre, a 1905 kuma ya fitar da gofret mai suna Paille d'Or, siririya kamar kara, da ɗanɗanon ƴaƴan itace a tsakiya. A can Otirish ma, a birnin Biyen, gidan Manner ya fitar da gofret mai hawa-hawa da kirim a tsakani tun 1898. Irin wannan mai hawa-hawa ita ce uwar duk waɗanda ke cike da butik ɗinmu yau.

Yana da kyau mu san bambanci. Gofret ɗin masana'anta, fallen nata kusan babu zaƙi, gari ne da ruwa da ɗan mai, ana gasa shi manya-manya kamar tabarma. Zaƙin duk yana cikin kirim ɗin tsakiya, wanda galibi sukari ne da daskararren man itace. Na gida kuwa zaƙin da man shanun suna cikin ƙullun kanshi, shi ya sa ƙamshinsu ba ɗaya ba ne.

Kuma na gidan bai ɓace ba. A yankin Bretanyi, garin Kemper, a ƙarshen ƙarni na 19, wata mata mai suna Mari-Katrin Kornik ta yi suna da wata siririyar waina da ake bari ta gasu sosai, a naɗe ta tun da zafi, ta bushe ta zama ƙaras. Mutanen garin suna ba da labari wai mantuwa ta yi da ita bisa wuta, ta ƙi zubarwa. Sunanta krep dantel, kuma tun 1920 ake sayar da ita da tambarin Gavottes. A birnin Lil na arewa akwai gidan Méert, wanda siririyar gofre ɗinshi mai banila a ciki ta shahara tun tsakiyar ƙarni na 19. Janar Degol, wanda iyayenmu sunka sani da ƙuri'ar raba gardama ta 1958, haifaffen Lil ne, kuma an san shi da son gofre ɗin wannan gida.

Wadda ta fi kama da tamu ita ce al'adar arewacin Faransa da Beljik, wajen su Dankerk. Can, in sabuwar shekara ta gabato, uwar gida ko kaka ta fito da ƙarfen da ta gada, ta kwana biyu tana gasa busasshiyar gofret tana cika gwangwanaye. Duk wanda ya zo gaisuwar shekara, yaro ko babba, a ba shi ya ci, a ƙulla mishi ya kai gida. Ku cire sunan Dankerk ku sa Tibiri ko Mirya, ku cire gofret ku sa cincin da dubulan, kun ga jajibirin Salla ke nan.

Yadda ya iso mu

Kada wani ya ce Nasara ne ya koya muna alkama da zaƙi. Kalmar alkama da kalmar sukari duka daga Larabci munka same su, alamar cewa ta hamada sunka fara zuwa, tun kafin a ga Bafaranshe a nan. Ana noman alkama a lambunan Abzin da bakin Komadugu tun da daɗewa. Kakanninmu mata suna yin alkaki, funkaso, taliya da gurasa, suna da zuma, suna da mazarƙwaila. Abin da bai zo ba sai tare da mulkin mallaka shi ne farar fulawa ta buhu, sukari mai ƙwaya na kwali, da biskit na gwangwani.

Sojan Faransa sun shiga Damagaram a 1899, garin ya zama babban birnin yankin har 1926 da anka mayar da shi Yamai. Bayan soja sai kamfanonin ciniki, irin su CFAO da SCOA, sunka buɗe kantuna. Su sayi gyaɗa da fata, su sayar da yadi, sukari, sabulu da kayan gwangwani. Maradi da Damagaram su ne cibiyar gyaɗa, har bayan samun ƴancin kai a 1960 gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don cinikinta. Kuɗɗin gyaɗa ne ya fara sa wa manomi ɗanɗanon kayan kanti a baki.

Hanya ta biyu ita ce ta kuku. Mazan da sunka yi aikin dafuwa a gidajen kumandan da na ƴan kasuwar Turawa sun koyi gato, krep da biskit kala-kala, sau da yawa da murhun itace da tanderun laka. Su ne gwanayen farko na wannan aiki a ƙasar nan, kuma littattafan tarihi ba su damu da rubuta sunayensu ba. Daga hannunsu sanin ya wuce zuwa otel, zuwa gidajen burodi, zuwa ɗiyansu mata.

Sai ranar 12 ga Janairu 1994, da anka karya darajar sefa. Faran ɗin Faransa guda da ake saye da sefa 50 ya koma 100. Dare ɗaya kayan Faransa sunka ninka. Tun daga lokacin biskit ɗin Faransa ya ja da baya ya koma na manyan kantunan Yamai, na Najeriya ya cika tebura, daga baya na Turkiyya da na ƙasashen Asiya sunka biyo. Sunan dai ya zauna, gofret, ko da kwalin bai taɓa ganin Faransa ba. A 2022 yaƙin Ukren ya tayar da farashin alkama a duniya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma anka rufe iyakoki, kowa ya ga yadda tebura sunka yi fayau, abin da ya rage ya yi tsada. Wannan lokaci ya nuna muna cewa hatta ɗan abin da yaro ke tafiya da shi lekol, daga wata ƙasa muke jiran shi.

Akwai masu cewa, a wannan zamani da muke ciki, me ya haɗa mu da biskit ɗin Faransawa? Tambaya ce mai kyau, kuma tarihin da munka kawo ya amsa ta. Zaƙin da ke cikinshi, gumin ƴan Afirka ne ya fara arhanta shi. Man da Turai ta daɗe tana ci, gyaɗar manomanmu na ciki. Hannun kukunmu ya gasa shi shekara da shekaru. Sana'a ta mai iya ta ce. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne kuɗɗin da ke fita kullum, dala biyar-biyar, zuwa masana'antun waje, alhali mata da ƴan matan da ke neman jari suna zaune da tanda a gida.

Yadda ake yi a gida

Akwai iri biyu. Mai ƙarfe, da wanda ba ya bukatar ƙarfe. Mu fara da na biyun, don shi ne kowa zai iya gwadawa. Faransawa na kiran shi tuwil, sunan lanƙwasasshen tubalin jan yumɓu da suke rufin ɗaki da shi, don kamarsu ɗaya.

Awon ba shi da wuyar riƙewa, kusan komi daidai wa daida ne: farin ƙwai gram 100, wato na ƙwai 3, sukari gram 100, man shanu ko bota gram 100, fulawa gram 100 ko ƙasa da haka kaɗan, da ɗan gishiri. In sukarin mai tsakuwa ne a daka shi ya yi laushi. In man shanun gida ne, a tabbatar sabo ne ba mai tsami ba, a narkar da shi a bar shi ya huce. A haɗa farin ƙwai da sukari a juya kawai, kada a bugi ƙwan har ya yi kumfa, don kumfa kumburi take kawowa, mu kuwa siriri muke nema. A zuba fulawa, a juya, a kawo man a ƙarshe. A rufe a ajiye wuri mai sanyi kamar rabin awa.

A shafa wa faranti mai. A ɗebi ƙullu ƙaramin cokali ɗaya, a baza shi da bayan cokali ya yi faɗin tafin hannu, siriri har ana kusan hango farantin. Nan ne asirin yake. In ya yi kauri, bakin zai ƙone, tsakiya ta zauna da laushi. Faransawa na barbaɗa yankakken almon a sama. Mu Allah ya hore muna abin da ya fi shi arha: soyayyar gyaɗa da anka ɓarza, ko riɗi. Wanda ya san ɗanɗanon kantu ya san riɗi da sukari ba baƙin juna ba ne.

Mai tanderun gaz ko na kuran ya sa zafi 180, minti 6 zuwa 8, har bakin ya yi ja-ja tsakiya ta yi ruwan zuma. Wadda ba ta da shi, dabarar da ake gasa gato da ita ta isa: babbar tukunya, rairayi mai tsabta a ƙasa, a bari ya yi zafi sosai, a aza faranti bisa ƴan duwatsu, a rufe, a zuba garwashi kaɗan bisa murfi. Sai dai a riƙa leƙawa, don tsakanin gasuwa da ƙonewa minti ɗaya ne.

Da an fitar, ba a jira. A sa wuƙa mai faɗi a ɗaga, a aza bisa kwalba ko ƙaramar taɓarya ya lanƙwashe, ko a naɗe shi a jikin muciya ya zama kamar bututu. Daƙiƙu kaɗan gare ku. Dalili shi ne sukari in yana da zafi narkakke ne, yana biyayya, da ya huce sai ya daskare kamar alewa. Shi ya sa ba a gasa fiye da huɗu ko biyar a lokaci ɗaya. Wanda ya sandare kafin a lanƙwasa shi, a mayar da shi wuta na ɗan lokaci, zai sake laushi.

Mai son irin na ƙarfe kuwa, ƙullun ya fi kauri, da ƙwai gaba ɗaya, ana mulmula shi ƙanana kamar goro. A sa ɗaya a tsakiyar ƙarfe mai zafi, a matse sosai, a gasa kowane gefe kamar minti ɗaya. Ana samun na kuran a kasuwa, amma ƙarfen asali aikin maƙeri ne. Maƙeranmu da ke zuba tukwanen alminiyom da tandar masa, in an nuna musu hoto, ba abin da zai gagare su ba ne.

Wasu littattafan Faransawa na cewa a ɗiga barasa don ƙamshi. Ba dole ba ce, babu abin da take ƙara wa ƙaras ɗin. Banila, ɓawon lemun tsami da anka kankare, ko ɗan garin citta sun wadatar.

Sai maganar ajiya. Sukari maƙwabcin ruwa ne, yana jawo laima daga iska. Da hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, tuwil zai yi kwanaki yana ƙara a baki. A watan Agusta kuwa, in an bar shi a buɗe, kafin la'asar ya yi laƙwas. Maganin shi ne a bari ya huce sarai, a zuba a gwangwanin madara mai murfi, irin na Nido, a rufe ruf. Wanda ya riga ya yi laushi a mayar da shi wuta minti biyu ko uku, zai farfaɗo. Mai niyyar sayarwa ta ƙulla kaɗan-kaɗan a leda mai kauri, kuma ta fi mai da hankali ga lokacin sanyi, da Salla, da bukukuwan aure da suna. Gwaiduwar ƙwan da ta rage kada a zubar, ta shiga cincin ko gato.

Ba mu ce wannan zai rufe ƙofar shigo da kaya ba, fulawar ma daga waje take zuwa. Amma gyaɗar tamu ce, riɗin namu ne, ƙwan da man shanun namu ne, ladar aikin kuma a unguwa za ta tsaya. Uwa kuma ta san abin da ta sa a ciki, ba kamar kwalin da ya sha rana wata da watanni bisa tebur ba, wanda sau da yawa ba mai duba ranar lalacewarshi.

Muna kira ga dattawan da sunka yi aikin kuku a da, ko ɗiyansu da jikokinsu, in akwai tsohon ƙarfen gofre a ɗaki, ko wani awo da anka gada, a fito da shi a koya wa na baya. Waɗanda sunka gwada kuma, na gyaɗa ko na riɗi, ku ba mu labarin yadda ya kasance. Allah shi sa albarka a sana'o'inmu, shi ba mu lafiya da zama lafiya.